Hukuncin Mai Turin Waƙa

Shagona taku uku ne a bakin titin jirgi na Agege,
tsakanin mai tsire da Iya Risika mai amala.
Kwamfuta ɗaya, lasifika mai tari,
janareto mai fushi in an manta da shi.
Ɗari biyar in cika maka memori.
Kunnena kuwa kyauta yake aiki,
shekara tara yana alƙalanci ba albashi.

Makon nan kundi uku suka faɗo hannuna.

Na farko na yarinyar Surulere ne.
Waƙa sha shida, duka zuma.
A ta ɗaya na lashi yatsa,
a ta biyar na nemi ruwa,
a ta tara haƙorina ya fara zogi.
Murya gare ta, wallahi, kamar ruwan randa,
amma sun wanke ta a na'ura
har ta fi tangaran santsi,
kunne ya rasa inda zai dafa.
Lantana mai kitso ta ce ban san so ba.
Na ce sanin ne ya kawo haka,
son da na sani akwai tsakuwa a shinkafarsa.
Ta harare ni, ta biya,
ta ce in sa mata ta bakwai sau biyu.

Na biyu samari huɗu ne daga Yaba
da jita masu kukan injin markaɗe.
Ina kunnawa Iya Risika ta leƙo da ludayi,
wai ko janareto ne ya kama da wuta.
Na kashe.
Da dare na sake kunnawa don neman abin zagi.
A waƙa ta shida ganga ta ja da baya,
jita ɗaya ta rage tana tafe ita kaɗai
kamar mai gadi a Ikeja ƙarfe ukun dare,
tocila ta mutu, gida da nisa.
Na tuna wani tsoho mai kukuma a tashar Funtuwa
da ke rufe ido in ya zo irin wannan gaɓa.
Har yau ba wanda ya saya.
Tanimu mai faci ya ce hauka ne.
Na ce hauka ne, amma ya san hanyar gida.

Na uku gambarar zamani ce, yaron Ajegunle.
Rabin farko motoci, agoguna,
da maƙiyan da ban taɓa ganin ƙeyarsu ba.
Mai jirgin sama a kowane baiti,
yaya aka yi Okoro ke binka kuɗin sitidiyo?
Sai can ƙarshe, bayan kowa ya gaji,
ya tuɓe sarƙar wuya, ya sassauta murya:
uwarsa na soya kifi a ƙarƙashin gada,
ruwan sama na kwana da su a ɗaki,
kwandastan danfo ya riƙe masa canjin naira hamsin
yana ɗan shekara tara,
har yau bai yafe ba.
Nan na miƙe tsaye.
Yarbancina na ciniki ne, Turancina buroka,
amma wannan hamsin ɗin da Hausa na ji ta.

Dab da magariba jirgi ya wuce, kwano ya girgiza.
Mati direban tirela ya miƙo waya,
gobe da asuba zai ɗau hanyar Arewa.
Ya ce wanne ya fi?
Na sa masa ta bakwai, saboda Lantana,
da ta shida, da ta naira hamsin.
Sauran wurin na bar masa fayau,
don kafin Jebba mutum kan buƙaci shiru.

Ya ce waƙa uku ɗari biyar? Wannan ai fashi ne.
Na ce je ka dawo, Mati.
Ya ƙirga kuɗin yana tsaki.
Daga shagon kitso ta bakwai ta sake tashi,
na kama bakina yana bin amshi,
na waiga ko Tanimu ya gani.