Wata Shida

Fom ɗin ya tambayi sana'ar uba.
Tasalla ta ɗago kai, biro a baki.
Na ce rubuta masaƙi,
ko da yake injinan Kakuri sun yi shiru
tun kafin ki yi haƙori.

Masu kuɗin suna wata ƙasa mai sanyi.
Sun ce wata shida,
a koya mata kama rana a faranti,
ta dawo ta koya wa goma.

Kekena ya tafi, fasfo ya zo.

Daren tafiya aka ɗauke wuta.
Muka ɗaure jakarta da hasken waya,
tana dariya: Baba, riƙe min duhun nan,
zan dawo ta kansa.