Sifili Ɗigo Tara

A Majiya, bayan kasuwa, akwai ɗakin langa-langa,
nan nake riƙe wa manoma lissafin taki da gona.
Kwamfutar tsohuwa ce, abincinta hasken rana.
Manhajar da ke cikinta ba da kuɗi muka saya ba,
gayya aka yi daga nesa, hannu da yawa ya gina.

Lambarta sifili, ɗigo, tara.
Damina biyu ke nan ta ƙi ta cika ɗaya.
Sagiru mai caji ya ce, "Rowa ce ko tsoro?
Ɗan da ya yi wannan wayo ai tuni an raɗa masa suna."

Ran Talata na buga takardar rabon taki,
sai ƙugiyoyin haruffa suka zube a hanya.
Ɗahiru ya duba, ya ce wannan ba shi ba ne.
Ƙasar Malam Iro ta fito kasa,
ya ce, "Akawu, maciji ka rubuta min a madadin gona?"
Aka yi dariya. Ni kuwa raina na ƙuna.

Da dare na aika musu layi guda:
"Abinku ya lalace, ku gyara."
Amsa ta zo, ba faɗa, tambaya ce uku a jere:
wace lamba, me ka taɓa, me ka gani?
Na ji kunya, don na tuna
ranar da Inna Tabawa ta tare malamin gona
ta ce masa gero ba lafiya, shi ke nan.
Ya ce, "Inna, ganye ne ko saiwa?
Tsutsa ce ko ƙuduji? Kai ni kunyar, ki nuna."

Na sake zama, na jawo fitila kusa.
Na rubuta lamba tukuna.
Na ce: buɗe shafi, rubuta ƙasa, ka ba harafin kauri.
A gilashi ƙugiya na nan daram,
a takarda babu ita.
In harafin siriri ne, lafiya lau yake fita.
Sau uku na gwada, sau uku ta yi ɓatan dabo.
Na ɗauki hoton takardar, har da yatsana a gefe,
na hau tudun bayan firamare inda sabis ke kwana.

Kwana tara shiru.
A na goma wata mata, ban san garinsu ba,
ta ce, "Na bi sawunka, na ga raminsa.
Da kowa zai kawo ƙara haka, da mun huta."
Na karanta sau biyu a tsaye, kafin na zauna.

Sabuwar ta iso: sifili, ɗigo, tara, ɗigo, ɗaya.
Sagiru ya riƙe ciki. "Ɗayan ma a wutsiya suka sa ta!"
Ban tanka ba. Babana nake gani
a tsakiyar gero, tsuntsaye na ta ɓarna,
maƙwabta sun fara yanka, mu muna ƙorafi.
Sai ya ɓalli ƙwaya ya matsa da farce,
in ta yi ruwa fari, ya goge a riga
ya ce, "Tukuna.
Ba kiran sa cikakke ke sa hatsi ya nuna ba.
Mai yankan ɗanye, a rumbu zai ji wari."
A shekarar mun ci tuwo har wata damina.

Ɗahiru ya karɓi takinsa da ƙugiyarsa.
Malam Iro har yau in ya gan ni
sai ya tambayi lafiyar macijina.

Jiya kuma agogonta ya tsallake sa'a guda,
ban sani ba ko laifinta ne ko na batir.
Ban aika ba. Ina so in sake kama shi da idona,
na ajiye biro da littafi a gefen tabarma,
zan ga abin da zai yi in an kwana.