Tsinke Biyu a Nima

Wata bakwai ina tara sidi a gwangwanin madara.
Ran Asabar na hau trotro daga Nima zuwa Sakel,
na yi ciniki har maƙogwarona ya bushe,
na dawo da kwali shida a kan cinya,
ina kare su daga gwiwar fasinja
kamar mai dakon ƙwai.

A kan tabarmar Inna na haɗa ta, ƙafata ba takalmi.
Babban allo ya kwanta, ƙwaƙwalwa ta shiga gurbinta,
na ɗiga mata man sanyi daidai ƙwayar wake,
na ɗaure kowane noti.
Na yi bisimilla, na danna.

Shiru.

Fanka ko hamma ba ta yi ba.
A waje mai kelewele tana kiran ciniki,
injin mai aski yana ta gurnani,
duk unguwa tana da murya
ban da abin da na saya.

Zuwera ta leƙo: "Yaya, ko sun ɗauke wuta ne?"
Na nuna mata ƙwan da ke ci a samanmu.
Na jona butar shayi a soket, ta tafasa.
Laifi ya bar bango ke nan, ya dawo kaina.

Na leƙa bayan akwati, ga ɗan makunni a kan sifiri.
Na yi wa kaina dariya, na tura shi kan ɗaya.
Wata 'yar fitila koriya ta buɗe ido a ciki.
Na sake dannawa.
Kallona kawai take yi.

Na zare ram biyu, na hure su,
na goge bakinsu da magogin fensirin Zuwera,
na mayar da ɗaya har ya ce ƙas.
Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya:
babbar mai baki ashirin da huɗu,
da mai takwas can a lungu
inda yatsa ba ya shiga sai ya bar fata.
Na ɓamɓare ɗan batir mai kama da kwabo,
na ƙirga ɗari, na mayar.

Ƙarfe biyun dare ya same ni
ina jera zagin da zan kai wa Kwabena a shagonsa,
ina tuna safiya nawa na sha koko babu ƙosai.

Da asuba Baba Muntari mai gyaran rediyo
ya ga fitilata bai wuce ba.
Carbi a hannu, ya tsuguna da ƙyar.
Bai taɓa buɗe kwamfuta ba, shi ya faɗa da bakinsa.
"Amma wuta wuta ce, yaro.
In ka danna nan, wa ke kai mata labari?"

Ya ɗora yatsa a bayan maɓalli,
ya bi wata siririyar waya, zaren ɗinki ya fi ta kauri,
har inda wasu tsinkaye suka yi sahu
kamar haƙoran mataji.
Ya ce in karanta masa rubutun da ke gefe,
idonsa ya daina ganin irin wannan tun shekarar da Inna ta yi Hajji.

Na karanta. Na sake karantawa.
Na goce da tsinke ɗaya.
Ɗaya tak.

Ya zare wayar, ya ciro sukundireba daga aljihun riga,
ya haɗa tsinke biyu da bakinta.

Fanka ta juya.
Ta biyu ta bi ta.
Iska mai ƙamshin sabon kwali ta taɓa mini fuska.

Na lalubi aljihu, ya ture hannuna.
"Ajiye. Amma shayin da ka tafasa jiya,
ɗumama shi."

Na haɗiye zagin Kwabena, bai ma san an dafa masa ba.
Gilashi ya yi haske, fararen baƙaƙe suka fito
suna tambayata kwanan wata.
Na juya na tambayi Zuwera,
na tarar ta yi barci a bakin ƙofa,
magoginta a hannu.