Ƙwai Biyu a Filin Igwa

Ni ne Desmond Squibb, mutumin Dorset.
Shekara ashirin da shida ina tuƙa katafila
a filin da sojojin Ingila ke koyon harbi.
Na share wa tankoki hanya,
na cike ramukan da igwa ta tona,
ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba
sai da na taka ƙwai biyu.

Yautai ba ya wahalar ginin sheƙa.
Ɗan gurbi ne a ƙasa, tsakanin busassun ƙirare,
tafin hannuna ma ya fi shi faɗi.
Wai a nan ya ga dama,
inda ƙasa ke girgiza tun daga hantsi,
don babu kare, babu garma, babu 'yan yawon shan iska.
Tsoron harsashi ya kore masa mutane,
ya mai da wuta shingen gidansa.

Marjorie Tizzard ce ta gano wurin,
tsohuwa mai takalmin roba da littafin ƙirga tsuntsaye.
Ta kafa turke, ta ɗaura jan ƙyalle,
ta sa Saje Pardy ya zana da'ira a taswira.
Na ga turken. Ba zan yi ƙarya ba.
Ranar Alhamis ce, hadari ya haɗo daga teku,
kwangila na ƙarewa Juma'a,
kewaya da'irar nan zai ci mini yini guda.
Na sauko, na tumɓuke shi, na jefa cikin ƙaya.

Uwar ta tashi daf da ƙarfen,
ta faɗi can gaba tana jan fiffike kamar karyayye,
wai in bi ta, in bar mata gurbi.
Wayon da ya ruɗi dila tun kaka da kakanni
bai san yaren inji ba.
Ban ji ƙarar komai ba.
Abin da ya fi damuna ke nan:
ko motsi kujerata ba ta yi ba.

Ashe akwai kyamara ɗaure a kututture.

A kotun majistare aka haska ni a bango,
ga hulata, ga hannuna riƙe da turke.
Alƙaliya ta sauke tabarau ta ce
doka ta ba ta wata shida a aljihu,
amma furfurata ta roƙa mini.
Tarar fam dubu uku, da kuɗin shari'a,
soja kuma suka karɓe katin shigata.
Na yi lissafi a tsaye, halin ɗan kwangila:
dubu ɗaya da ɗari biyar kowane ƙwai.
Na so in ce, ranka ya daɗe,
jiya da rana sun harba abin da ya fi gidana tsada
a kan tudun nan, ba wanda ya tuhume su.
Lauyana ya taka mini ƙafa.
Kuma igwar ma, an ce, sai da aka karkatar da bakinta
saboda da'irar da na shiga.

Marjorie ba ta yi murna ba.
A bakin ƙofa ta ce mini, tsuntsuwar nan
ta ƙetaro hamada da teku kafin ta iso,
nauyinta bai kai na makullan motarka ba.
Ta ninke littafinta ta wuce.

Yanzu ina gyaran lambunan mutane a Wareham.
Wani lokaci da magariba nakan tsaya a bayan waya,
inda allo ke cewa kada a shiga, akwai harbi.
Namijin yana nan. Yana gurnani a kan reshe,
dogon kuka mara numfashi,
kamar ƙaramin inji da aka manta a kunne.
Jikata Elsbeth ta tambaye ni ko kiran wa yake.
Na ce mata sauro ya yi yawa,
mu koma mota.