Ƙwanƙwasa Ƙasan Teku

Kwana tara ke nan da barin Kakinada.
Ni ke gadin dare, ni da shayin da ya huce,
da allo mai zana layi bisa layi.
Duk daƙiƙa goma bindigar iska ta yi tari a bayan jirgi,
ƙarfen da nake takawa ya amsa,
cokali ya motsa cikin kofi.

Babana Kondayya maginin tukwane ne a bakin Godavari.
Ba ya sayar da tulu sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa,
ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya.
In amon ya fito tas, ya miƙa wa mai saye.
In ya fito a dakushe, ya ajiye gefe,
ko da ido bai ga tsaga ba.
Yumɓu ba ya ƙarya, in ji shi,
mutane ne ke da kunnen ƙashi.

To, sauti ya sauka.
A ruwa tafiyarsa ɗaya ce,
mita dubu da ɗari biyar a daƙiƙa,
ba tuntuɓe, ba mai tsayar da shi gaisuwa.
Ya iske lakar da kogi ya kwaso daga gonakin shinkafa
tun ba a haifi kakan kakana ba,
ya kutsa ciki yana laluɓe.

Sai ya faɗa inda sanyi da nauyin teku suka haɗa baki
suka kulle iskar gas a kejin ƙanƙara,
tsakanin ƙwayar rairayi da 'yar'uwarta.
Ƙanƙarar ta kama hannun kowace,
taɓo ya zama daɓe.
Nan ya ga hanya fetal, ya zuba a guje,
har ya haura dubu biyu.
Gudun dai ba kyauta ba ne:
siraran muryoyinsa can yake baro su,
ya fito da kauri kamar mai mura.

Ƙasa da nan, zafin cikin duniya ya fi ƙarfin keji.
Gas ya kuɓuce, kumfa ce warwatse cikin laka.
Sauti ya sa ƙafa, gwiwa ta yi sanyi,
ko saurin da ya yi a ruwa ya gagare shi.
A bakin wannan iyaka wani sashensa ke juyowa,
ya hauro da rigarsa a baibai,
fari inda ya kamata baƙi.

Muna jan igiya a baya, doguwa, kunnuwa ne jere a cikinta.
Ita ke tsinto abin da ya dawo.

Appalaraju mai girki ya leƙo da ragowar ayaba.
Ya taɓa gani, a wata tafiya,
an ciro farin dunƙule daga bututu yana tsuwa,
an ɗora a faranti, an ƙyasta ashana,
wuta na ci a sama, ruwa na ɗiga a ƙasa.
Tun ranar ba ya yarda da ƙanƙara.
Ya ce, Sailaja, me kike gani a wannan zanen kaji?
Na ce, ban gani ba tukuna, saurare nake.

Uku da arba'in na dare ya bayyana:
layi ɗaya mai taurin kai,
ya ratsa shimfiɗun ƙasa a karkace bai nemi izini ba,
tudun ƙasan teku ya hau, shi ma ya hau,
kwari ya sauka, ya bi shi,
kamar inuwar da aka binne da rai.
Na rubuta lokaci. Hannuna ya ɓata bakwai ɗin, na sake.

Baba ya kurmance bara.
Yanzu tulu yake jinginawa a haɓarsa,
ya ƙwanƙwasa, ya jira ƙashi ya gaya masa.
In na koma zan kai masa takardar nan.
Ba zai karanta ba.
Zai ɗaga ta, ya buga mata yatsa,
ya tambaye ni ko tukunyar da tsaga.

Bindiga ta sake tari.
Cokali ya motsa.