Minti Arba'in da Bakwai

Wuta ta ɗauke tun La'asar.
Janareton tela ne ke ba ni aro ta taga,
ina ɗakin haya a Jekadafari
da muryoyin mutane na awa goma sha ɗaya,
an ce in matse su
su koma minti arba'in da bakwai.

Ga Adda Hajjo a kan allo.
Na tambaye ta ranar da aka kashe mijinta,
sai ta kama labarin takalminsa:
wai na hagu ne ke fara cinyewa,
don yana jan ƙafar tun faɗuwar babur a hanyar Kumo.
Minti shida tana kan takalmi.
Mai kuɗin fim ya ce in yanke.

Kansila Gidado bai yi abin a-zo-a-gani ba.
Rumfa tara ya raba a sabuwar kasuwa,
uku suka faɗa hannun mutanen
da ba a nan aka binne cibiyarsu ba.
Shi ke nan.
Sai takardu suka fara kwana a ƙarƙashin ƙofofi,
sai murya ta bi waya zuwa waya:
ƙasa ta masu ƙasa ce,
wanda ya sayar da ita ya sayar da wuyansa.

Sambo direba ya ƙi kallon kyamara.
Hularsa yake murzawa.
Na tsaya sayen ruwan leda ne, in ji shi.
Na sake tambaya ta wata hanya.
Na tsaya sayen ruwan leda ne.

Amma yaron,
shi da na samu a gidan yari bayan wata biyar ina cike takarda,
ya ce in dakata ya gyara wuyan riga.
Haske ya so fuskarsa.
Bai yi in'ina ba, bai nemi ruwa ba,
magana na zubo masa kamar hatsi daga ɓulallen buhu.
Wallahi nasa ne ya fi kyau a duk abin da na ɗauka.
In na bar shi,
gobe samari za su yanki wurin su riƙa turawa juna,
su ɗora masa kiɗa.
In na cire shi,
masu kallo za su ce aljani ne ya sauko,
alhali ɗan unguwa ne,
shi ke sayar wa marigayin katin waya,
har bashi yake ba shi.

Akwai daƙiƙa goma sha ɗaya da wani ya ɗauka da waya
a ranar, a bakin titi.
Na kalla har na daina ƙirga.
Yanzu akuyar da ta gifta nake gani,
da mai lemo da ta fara rufe farantinta
kafin ta sa ihu.
Jiya na kama kaina ina gyara launin jinin
don ya fito sosai.
Na tashi na wanke hannu
ban taɓa komai ba.

Da zan naɗe igiyoyi, Adda Hajjo ta ce,
a ina za a nuna?
Na lissafa mata biranen da ni ma ban taɓa zuwa ba.
Ta ce, su can me ya yi musu?
Ka kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa,
gaban rumfunan nan,
ranar da kowa ya zo cin kasuwa.
Wannan ban ɗauka ba. Kyamara na jaka.

Tela na buga taga, mai ya kusa ƙarewa.
Na mayar da takalmin.
Na bar wa yaron bakinsa, na bar wa Sambo ruwansa.
Lissafi ya tashi hamsin da uku.
Minti shida sun yi yawa,
hannuna na kan maɓalli,
ban san wa zan sake kashewa ba.