Kunne a Kan Dashbod

Shekara arba'in kakana Evaristo
yana sauya giya da kunne.
In inji ya yi gunaguni, ya sani.
In ya soma kuka, kafin ya kai ƙarshe an taka kuloci.
Bana kunnen ya yi murabus.

Ranar da muka kai ulu Esquel
ya haura tudu a giya ta biyu,
akori-kura na kururuwa kamar ana yanka ta,
shi kuwa murmushi yake,
yana nuna mini ƙanƙara a kan duwatsu.
Na haɗiye magana.

Bayan sati uku ƙaramin kwali ya iso:
agogo mai allura ɗaya,
ba ya ƙirga awa, juyin inji yake ƙirgawa.
Wayoyi huɗu na reto a bayansa
kamar jelar ɓera.

Asabar, a rumfar sausayar tumaki.
Iskar Patagoniya na dukan kwano,
yatsuna sun ƙage, sukundireba na zamewa.
Na fara cire kan batir, don wuta ba ta san jika ba.
Baƙar waya na ɗaure ta a jikin ƙarfe,
sai da na kankare tsatsa har wurin ya yi ido.
Ja ta tafi akwatin fis,
fara ta bi layin fitila, saboda tafiyar dare.
Koriya ce mai taurin kai:
dole ta ratsa bangon da ke tsakanin direba da inji
ta wata 'yar huda da ke cike da tsohon giris,
ta je ta kama ƙafar koyil.
Sau uku tana kuɓucewa.
A na huɗu na fiɗe bayan hannu, ta wuce.

Kaka na zaune a kan buhun ulu,
yana zuƙar mate, yana kallon ƙafafuna
da suka leƙo daga ƙarƙashin sitiyari.
"Nélida," ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa,
"motar da ba ta yi ciwo ba, me ya kai ta asibiti?"

Na mayar da batir. Na murɗa makulli.
Inji ya yi tari biyu, ya kama.
Allura ta zabura, ta tsaya sama da dubu.
Na daka tsalle har kaina ya bugi rufi.

Ya taso a hankali.
Bai dubi agogon ba tukuna.
Tafin hannu ya ɗora a kan sandar giya,
ya rufe ido, kamar mai taɓa goshin yaro.
Sannan ya duba, ya girgiza kai.
"Ƙarya take. Ɗari bakwai ne, ko ƙasa kaɗan."

Na ji haushi. Na ɗauko takardar da na yar a ƙasa,
wadda sawun takalmina ke kanta.
Ashe akwai ɗan maɓalli a ƙeyar agogon:
huɗu, shida, takwas.
A kan huɗu ya zo daga kamfani,
motarmu kuwa silinda shida gare ta.
Na tura shi da bakin wuƙa.
Allura ta sauko, ta durƙusa a ɗari bakwai
kamar mai neman gafara.

Bai ce ai na faɗa miki ba.
Matsawa kawai ya sa na yi.

Muka hau hanyar tsakuwa, karnuka biyu a baya.
Ina kallon allura, ina kallon hannunsa.
Dubu biyu. Dubu biyu da ɗari biyar.
Hannun ya motsa, allura ta faɗi, ta sake hawa.
Har yau ban san wanda ya riga wani ba.

A bakin shinge ya tsaya, bai kashe ba.
Ya taɓa totur, allura ta ɗaga kai.
Ya saki, ta kwanta.
Ya sake taɓawa.
Tumaki na jiran ciyawa, rana na gangarawa,
shi ko ya ƙura ido ga ɗan gilashin nan,
leɓunansa na motsi,
yana amsa mata gaisuwa.